Azahar Ɗin da Abakar Ya Shiga Layin Bas

Har in koma ga Allah, ba na jin zan manta da ranar da Abakar ya shiga layin bas. Na san a bayan idona kuna cewa Sa'adu ya fiye tsanani, wai ko tayar mutum ce ta shafi bakin layin nan sai na karɓe makullin mota. Ba ƙarya kuka yi mini ba. Ina karɓewa, gobe ma zan karɓe. Amma tun da yawancinku sababbi ne, ba ku tarar da Abakar ba, ku gyara zama ku sha shayinku in gaya muku inda abin ya samo asali. Wanda ya taɓa jin labarin ya yi haƙuri ya sake ji.

Ni mutumin Funtuwa ne. Karatu ya kawo ni Alƙahira, na karanta abin da Allah ya nufe ni da shi, na yi aure, na zauna. Wannan ɗan ofishin namu na Hayyin Ashir tun yana da mota biyu nake cikinsa. Aikinmu bai canza ba: mu ɗauko marasa lafiya da suka zo daga Najeriya da Nijar a filin jirgi, mu kai su masauki, mu yi ta zirga-zirga da su tsakanin masaukin da asibitocin Dokki da Giza har Allah ya yi yadda ya so da su. Mai ofis Bamisire ne, sunansa ne a takardun motoci. Ni ne shugaban direbobi, wato ni ke raba aiki da safe, ni ake kira idan taya ta fashe ko fasinja ya yi fushi.

Kafin in shiga labarin, bari in maimaita muku dokar, don akwai mai gyaɗa kai a cikinku alhali bai gane komai ba. Kowace mota a garin nan, launin da ke saman lambarta shi ke faɗin matsayinta. Farin tasi nasa ruwan lemo ne. Namu shuɗi ne, abin da suke kira mallaki, wato motar gida. Ko ka wuni kana jigilar fasinja, ko ta manhajar waya ake kiranka, a idon jami'in hanya kai mai motar gida ne, khalas, shi ke nan. To, a babban titin da ya ratsa Madinat Nasr, an ware layi a tsakiya domin manyan bas-bas na haya. Motar asibiti tana bi idan ta kunna jiniya. Ban da su, ba na kowa ba ne. 'Yan tasi kullum cikin gardama suke, suna cewa ai su ma jama'a suke ɗauka, me ya sa za a hana su. Wasunsu sukan faki ido su kutsa. Idan aka kama ɗan tasi, tara ce, ko a riƙe lasisinsa ya je ya karɓo. Mu masu shuɗiyar lamba ko bakin yin wannan gardamar ba mu da shi.

Akwai kuma abin da baƙo ba ya lura da shi. An yi wa layin dakali hagu da dama. Bakin shiga a buɗe yake, ba mai hana ka, amma da zarar ka shiga babu fita sai ka kai mahaɗar gaba. A bakin mahaɗar nan kuwa jami'i yake tsayawa, don ya san duk wanda ya shigo dole ta gabansa zai fito.

Abakar Bahaushen Sudan ne. Kakanninsa daga ƙasar Sakkwato suka taso a ƙafa da niyyar Makka, suka yada zango a bakin kogi, zangon ya zama gida. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, tana tafe da Larabci a gefe. Yaƙi ne ya koro shi nan, shi da matarsa da 'ya'yansa ƙanana da mahaifiyarsa Hajja Kaltum, wadda ciwon suga ya riga ya taɓa mata ido. Yana da katin 'yan gudun hijira, amma ikamarsa, wato izinin zama, ta ƙare, kuma ranar da aka ba shi ya je ya sabunta tana can gaba da nisa. Ba shi kaɗai ba ne a wannan hali, kun san da yawa. Abin da hakan ke nufi shi ne, laifin da zai sa a ci tarar wani, shi yana iya raba shi da ƙasar gaba ɗaya. Ya san wannan sarai, ni ma na sani, mai ofis ma ya sani.

Shi ya sa yake tuƙi kamar mai ɗauke da tiren ƙwai. Ban taɓa jin ya danna hon sau biyu a jere ba, a garin da ake danna hon don gaisuwa. Kunkuru muke ce masa. Idan muka dame shi da tsiya sai ya yi murmushi ya ce, "Ku yi ta gudunku, ni dai a gida nake son kwana." A duk direbobina babu wanda nake kwana da kwanciyar hankali a kansa kamar shi.

A shekarar muna da wata fasinja, tsohuwa daga Gusau, Hajiya Inna, mai ciwon ƙoda. Wata da watanni Abakar ke kai ta wankin ƙoda a Dokki yana dawo da ita. Ranar da ya yi zazzaɓi na je da kaina, ko mahaɗa biyu ba mu wuce ba ta dafa kujerata ta ce, "Kai wannan, wa ya biyo ka? Ku mayar da shi, ku kawo mini ɗana." Ɗanta take ce masa. Takan ajiye masa dambun nama idan an aiko mata daga gida, har atamfa ta taɓa ba shi ya kai wa Hajja Kaltum. Tsofaffin biyu ba su taɓa haɗuwa ba, amma kullum sai sun aika wa juna gaisuwa ta bakinsa.

Babban ɗanta shi ne Alhaji Mamuda, ɗan kasuwar hatsi. Kada wanda ya fita daga ɗakin nan ya ce na ce mugu ne. Ba mugu ba ne, mutumin kirki ne mai son uwarsa. Ya koma gida duba harkokinsa ya bar ƙanwarsa tana jinya, sai Allah ya yi wa Hajiya rasuwa a bayansa. Lokacin zafi ne, bayan babbar Salla. Dangi suka yanke shawarar a rufe ta a nan, shi kuma ya hau jirgin da ya fara samu.

A nan ne bambancin farko yake. A gida, idan aka ce babban ɗa yana kan hanya, liman zai ɗan jinkirta, jama'a su zauna a inuwa su jira. A nan ba haka ba ne. Ana sallame farilla ake jawo gawa, sau da yawa ma ba ita kaɗai ba ce, gawawwakin wasu mutane na jere a gefe, kowa da danginsa da motarsa a bakin masallaci. Ba wanda zai tsayar da sahu don mutum ɗaya. Na gaya wa Alhaji haka a waya tun kafin ya taso, na ce bayan azahar za a yi, a masallacin da mutanenmu ke sallar gawa, kusa da maƙabarta. Ya ce, "Haba Malam Sa'adu, ai za su jira ni." Na ce ba za su jira ba. Bai yarda ba, don bai taɓa ganin inda aka yi haka ba.

Jirgin ya yi latti. Muka je tarbarsu da mota biyu, ni da Abakar. Sai da rana ta kusa take tsaka suka fito, shi da matarsa da babbar 'yarsa da kaya. Yana ganin Abakar ya rungume shi ya fashe da kuka, babban mutum da furfura a gemu, a gaban jama'a. Bai tambayi kowa ba ya buɗe gaban motar Abakar ya shiga. Ni na ɗauki matan da akwatuna na bi bayansu.

Da farko hanya ta yi kyau. Muna shiga babban titin nan sai muka faɗa cikin zahma, irin cunkoson da direbobi ke kashe inji su fito su tsaya. Ana wani aikin gada a gaba, an matse hanya. Motar Abakar na gabana, mota ɗaya ce tsakaninmu. Hagu da mu ga layin bas, wayam, kwalta sai ƙyalli take yi, bakin shigarsa kuma daidai inda Abakar ya tsaya. Sai aka fara kiran salla. Kun san kiran sallar garin nan, wannan masallaci ya ɗauka, wancan ya karɓa, har ka rasa ta ina yake fitowa.

Ana cikin haka wani farin tasi ya zare daga layinmu ya faɗa ciki, ya yi gaba abinsa. Ina kallo. Ban ɗauke ido ba sai na ga siginar hagu ta motar Abakar ta fara ƙiftawa.  Na zaro waya na kira shi, ya ɗauka, kuma da yake wayar a maƙale take a gaban mota, duk abin da ake faɗa a ciki ina ji.

Alhaji na cewa, "Ga shi can ya wuce! Shi ba haya yake yi ba? Kai ma ba haya kake yi ba?"

Abakar ya ce, "Alhaji, wancan lambar tasi gare shi, kuma ɗan gari ne. Shi ma ba halal ba ne gare shi, amma ni da shi ba ɗaya ba ne."

Na daka tsawa na ce, "Abakar, kashe siginar nan! Kada ka kuskura!"

Alhaji ya ce, "Malam Sa'adu, jana'iza ce fa. Uwata ce. Wane ɗan sanda ne zai ji an ce gawa ya tsare mutum? Ko nawa ne tarar ni zan biya. Ni zan yi magana da su."

Na ce, "Alhaji, ba maganar tara ba ce. Takardunsa ba su cika ba. Idan suka tsayar da shi ba za su sake shi ba."

Ban san ko ya ji ni ba. Kuka yake yi sosai. Muryarsa ta yi ƙasa, na ji yana cewa, "Abakar, ƙanena, uwa ɗaya gare ni. Ban ga fitar ranta ba, kada a sallace ta ba ni. Ɗanta take ce maka. Ka dubi Allah ka dube ni. Duk abin da ya biyo baya na ɗauke maka."

Ku da kuke Hausawa, ku gaya mini, da wane baki ake ce wa dattijo mai kuka a'a? Tun muna yara aka koya mana ba a yi. Babba ya ce ya ɗauke maka, magana ta ƙare, kuma a gida sau da yawa ƙarewar take yi da gaske: ya sauko da babbar riga, ya faɗi sunansa, a ce Allah ya jiƙan rai, a buɗe hanya.

 Sai Abakar ya ce, "Yaya Sa'adu, ma'alish, ka yi haƙuri. Ni ma ina da uwa." Ya kashe wayar. Ina gani ya karya kan motar ya shiga tsakanin dakalan nan biyu. Ko a ranar bai yi gudu ba. A hankali ya tafi, irin tafiyarsa, har ya ɓace mini.

Na daki sitiyari har hannuna ya yi tsami.  Na yi ta kiran wayarsa ba a ɗauka. Ban san iya lokacin da muka ɗauka muna jan ciki ba kafin mu kai mahaɗar, amma an daɗe da idar da salla. Tun daga nesa na hango motarmu a gefen titi, a rufe. Abakar yana zaune a kan dakali kusa da motar 'yan sanda, hannuwansa a kan gwiwa. Babu farin tasin nan, an rubuta masa tararsa ya tafi. Babu Alhaji.

Na faka na fito. Jami'ai biyu ne, ƙarami mai tsayar da motoci da kuma hafsan da ke zaune cikin mota da fararen kaya. Na nufi hafsan na gaishe shi da ladabi, na ce, "Ya basha, ranka ya daɗe, direbana ne. Gawa muke bi."

Ya ce ya sani. Ya ce dattijon ya faɗa masa, ya yi masa ta'aziyya, shi da kansa ma ya tare masa tasi ya ce a kai shi masallaci da sauri. Ban ga mugunta a fuskarsa ba, gajiya kawai na gani. Ya ce, "Maganar layi mai sauƙi ce, tara ce a kan motar. Amma na nemi lasisi, na nemi takardar mota, na nemi ikama. Ikamarsa ta ƙare. Na riga na sanar, yanzu abin ya fita daga hannuna."

Na roƙe shi da duk Larabcin da na koya, na aji da na titi. Na nuna masa cewa an ba shi ranar sabuntawa. Ya ce a kai wannan bayanin can gaba, shi ba huruminsa ba ne. Ga yadda abin yake, don ku sani: daga titi sai ofishin 'yan sanda, daga nan sai gaban mai gabatar da ƙara. Ko shi ya ce a sake ka, baƙo ba ya wucewa gida kai tsaye, sai an miƙa shi ga masu kula da shige da fice sun duba. A wannan matakin ne mutum yake maƙalewa.

Aka bar ni na yi magana da shi kaɗan. Bai ce mini komai game da kansa ba. Ya zaro makullin gida ya ba ni ya ce, "Allurar Hajja tana cikin firij. Ni nake yi mata kafin magariba, matata tsoron allura take. Don Allah ka je da kanka." Ina da mata biyu a mota masu jiran a kai su wajen makoki, dole na juya na bar shi a zaune a wurin. Wallahi ban taɓa jin tuƙi ya yi mini nauyi kamar na wannan rana ba.

Alhaji ya samu salla. An tayar da kabbara yana shiga sahu. Ya bi gawar mahaifiyarsa har kabari, ya zuba ƙasa da hannunsa. Sai da aka watse ya waiga ya ce, "Ina Abakar?"

Kafin magariba na hau benen su Abakar. Na gaya wa matarsa a bakin ƙofa, ta toshe bakinta da mayafi don kada yara su ji. Na shiga ɗakin tsohuwa da allura a hannu. Ban ko yi sallama na ƙarasa ba ta ce, "Wannan ba takun Abakar ba ne." Na durƙusa na gaya mata gaskiya, don ba a yi wa irin waɗannan tsofaffin ƙarya. Ta saurare ni har na gama. Sai ta ce, "Mutumin ya samu sallar uwarsa?" Na ce ya samu. Ta ce, "To, alhamdu lillahi." Ta miƙo mini hannu na yi mata allurar, ta juya fuskarta bango.

Alhaji Mamuda ya cika alkawarinsa na yin magana. Washegari ya sa babbar riga muka je ofishin 'yan sanda. Ya ce yana son ganin babban wurin, na fassara. Ya faɗi sunansa da garinsu da sarautar gidansu, na fassara. Aka nuna mana benci aka ce mu zauna. Ya kira manyan mutane a gida, waɗanda idan sun ɗaga waya a can ƙofofi ke buɗewa, kowa ya ce masa zai duba. Ya ɗage tafiyarsa, ya ɗauki lauya, ya yi ta sintiri cikin rana har ƙafafunsa suka kumbura. Babu wanda ya ci masa mutunci, kuma babu wanda ya san shi.

Ni kuwa ranar da aka fara bari na ga Abakar, na kai masa gurasa da wake, na zage shi tas. Na ce, "Kunkurun banza, duk shekarun nan kana lallaɓawa, sai a rana ɗaya ka zubar?" Ina faɗa ina hawaye. Ya bar ni na gama, ya ce, "Yaya Sa'adu, da kai ne a kujerar nan, hannunsa a kafaɗarka, ban san me za ka yi ba." Gaskiya ni ma ban sani ba.

Ƙarshenta dai aka yanke a mayar da shi Sudan. Aka haɗa su da wasu a mota zuwa kudu, aka tsallakar da su iyaka, kuma aka hana shi dawowa. Iyalinsa ba su bi shi ba. Ina za su je? Gidansu babu, asibiti babu, wutar da za a sa allurar Hajja a firij ma babu. Ranar da Alhaji zai koma ni na kai shi filin jirgi. A hanya muka zo daidai layin nan. Ya daɗe yana kallonsa ta taga, sannan ya ce, "Malam Sa'adu, wallahi lokacin da na ce na ɗauke masa, na zaci gaskiya nake faɗa." Har yau shi ke riƙe da hayar gidan iyalin Abakar, ban taɓa tuna masa ba.

Hajja Kaltum ta kai lokacin sanyi. Ni nake zuwa yi mata allura, in ban samu dama ba matata ta je. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, sai dai duk wanda ya hawo bene takan yi shiru ta saurari takunsa. Wata safiya aka kira ni aka ce ta cika.

Muka shirya komai, salla bayan azahar, a masallacin nan dai. Na samu Abakar a waya da ƙyar, don inda yake sai ya hau wani tudu a bayan gari kafin ya samu sabis. Da na gaya masa ya yi salati. Sannan ya roƙe ni abu ɗaya. Ya ce, "Idan za a sallace ta, ka kira ni, ka sa wayar a aljihun gaba. Ina so in ji kabbarar. Zan hau tudun in jira." Na ce masa tamam, ba damuwa, na ɗauki alkawari.

A safiyar kuma akwai mara lafiya da zai sauka daga Maraɗi, tsoho da ɗansa, sauran direbobi duk suna Dokki da masu wankin ƙoda. Na lissafa na ga zan ɗauko su in biya masallaci da su a kan lokaci. Jirgi bai yi latti sosai ba, amma aikin gadar nan bai ƙare ba. Muka shiga zahma a wuri ɗaya, kusan daidai inda muka tsaya waccan rana. Aka fara kiran salla. Abakar ya gaji da jira ya kira ni da kansa, na ɗauka na ce ina hanya. Ban so in kashe ba, don idan layin ya yanke ba lalle ya sake shiga ba. Na karɓi wayar ɗan fasinjan na kira mutanenmu da ke masallaci, ko wani zai riƙe masa waya a madadina. Kowa ya kashe tasa ya shiga sahu.

Ɗan tsohon ya leƙa ta taga ya ce, "Malam direba, ga hanya can babu kowa."

Ni takarduna a cike suke. Idan aka kama ni tara ce, sai faɗan mai ofis. Haka na gaya wa kaina. Ban san lokacin da hannuna ya kai kan sigina ba.

Sai na ji murya daga wayar, can nesa, iska na kaɗawa a bayanta. "Yaya Sa'adu, ƙarar sigina nake ji?"



Ya ce, "Kana wurin nan ne, ko? Kashe ta. Kai ke raba wa yaran nan aiki. Idan suka ji ka shiga, gobe mai irin takardata zai shiga. Kashe ta, don Allah."

Na kashe. Muka zauna, ni a cikin hon da hayaƙi, shi a kan tudu. Bas ɗaya ta zo ta wuce ta layin, rabin kujerunta babu kowa. Can sai ya ce, "Yanzu dai sun idar da farilla." Na ji motsinsa yana miƙewa. Sai na ji ya ce Allahu Akbar, shi kaɗai. Na san abin da malamanmu suka ce game da sallatar gawar da ba ta gabanka, cewa ba a son yin ta, na karanta shi a aji, amma ban buɗe baki ba. Na kifa goshina a kan sitiyari ina saurare har ya yi ta huɗu ya sallame. Tsohon da ke bayana, wanda bai san kowa a cikinmu ba, ya ɗaga hannu ya ce Allah ya jiƙanta. Kafin mu isa an riga an tafi maƙabarta.

To, kun ji. Abin da na koya a sana'ar nan shi ne, mutanenmu masu kara ne, kuma ba na fatan ranar da za mu daina. Amma a titin garin nan ba a duba hawaye, launin lamba ake dubawa da takarda. Fasinjan da ya ce ya ɗauke maka ba ƙarya yake yi ba, har zuciyarsa yake faɗa. Sai dai idan an kai mahaɗa, shi buɗe ƙofa zai yi a tare masa tasi, kai ne za ka zauna a kan dakali.

Saboda haka ba na neman ɗayanku ya iya ce wa dattijo a'a. Na san ba za ku iya ba, wanda ya fi ku natsuwa ma bai iya ba. Duk ranar da babba ya dafa kafaɗarku a bakin layin nan, mara lafiya ne ko mai bin gawa, ku zare makulli daga jikin mota, ku kira ni ku miƙa masa waya. Ni zan faɗa masa. Ya zage ni, ya kai ƙarata wajen mai ofis, ya ce Sa'adu ba shi da imani, duk na ji na yarda. Na riga na hau bene sau ɗaya da makullin gidan wani a hannuna, ba zan sake hawa ba.